Me ya sa tumatirina ke mutuwa tun yana ƙarami?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na shuka tumatir da tattasai a ledojin fiya wata a tsakar gidana a Zariya. Sun tsiro, amma da yawa suka yi siriri, gindinsu ya yi baƙi, suka kwanta. Na dasa sauran a buhu, kwana biyu suka yanƙwane. Ina na yi kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kwanciyar nan ruɓewar gindi ce, kuma yawan ruwa ke kawo ta. Ɗaga leda ɗaya ki duba ƙasanta. Idan ba ki huda ta ba, ruwa ya kwanta ciki ke nan, ƙwayoyin cuta suka samu wurin zama. Yi huji huɗu ko biyar da ƙusa. Ƙasar kuma a gauraya ta da yashi da takin awaki wanda ya ruɓe sosai, domin ɗanyen taki ƙona saiwa yake yi. Kafin ki yi ban ruwa ki tsoma yatsa, in da danshi ki bari sai gobe. Siririn da suka yi kuwa neman rana ne, ki matsar da su inda hantsi ke samunsu.

Dashe shi ne inda mutane suka fi garaje. Tumatir na tsirowa cikin kwana 5 zuwa 10, ana dasa shi yana da mako 3 zuwa 4, ganye huɗu ko biyar. Tattasai ba ya sauri, sai ya kai mako 6. Mako ɗaya kafin dashe ki rage ruwa, ki riƙa ƙara musu lokacin zama a rana don su yi ƙwari.

Ranar dashe ki jiƙa ledar, ki tsaga ta da reza, ki ɗauke shukar da dunƙulen ƙasarta. Kada a tumɓuke. A yi bayan la'asar, a ba da ruwa nan take, a yi musu inuwa da kwali kwana biyu ko uku. Tumatir ki binne shi har kusa da ganyen farko, karansa zai fitar da sababbin saiwoyi. Tattasai kuwa ki tsaya iya zurfin da yake a leda.

In za ki sake, jira Oktoba ko Nuwamba, hunturu ya riske su. Zafin Afrilu zubar da furen tumatir yake yi.