Amsa ga mai tambaya kan goma biyu a hannu

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka da kyau. Ka ce a wasan karta na foka kana riƙe da katunan goma guda biyu baƙaƙe, aka buɗe katuna uku a tsakiya: 9 da 8 masu zanen zuciya, sai 4 baƙa. Ka ƙi zuba komai don ka yi wa abokin wasanka tarko, sai kati na huɗu ya fito sarki, ya danno cif (kwabban da ake zubawa a wasan) da yawa, kai kuma ka rasa ta yi. Kana tambaya ko a ina kuskuren yake.

Kuskuren ba a kan sarkin nan yake ba, tun a katuna ukun farko ka yi shi. Tarko na mai hannun da ba ya tsoron kati mai zuwa ne, naka kuwa ƙarfinsa na yanzu ne kawai. Lissafa da kanka. Karta 52 ce, ka ga guda biyar, saura 47. A cikinsu akwai 16 da suka fi gomanka: jak, sarauniya, sarki da as, huɗu-huɗu. Ƙara da ƙananan zuciyoyi shida da za su iya cika wa wani fulash (katuna biyar masu zane iri ɗaya), sun zama 22. Kusan rabin abin da ya rage ke nan zai dagula maka lissafi, kai kuma ka bar shi ya gani kyauta.

Abin da nake yi a irin wannan wuri shi ne in zuba kamar kashi biyu cikin uku na tarin tsakiya. A ce akwai 600, sai in sa 400. Wanda yake jiran zuciya ɗaya katuna tara ne za su taimake shi, wato kusan kashi 19 cikin 100 a kati na gaba, alhali kuɗin da zai biya yana buƙatar ya ci kusan kashi 29 kafin ya fita ba asara. Idan ya bi, ya saya da tsada. Idan kuma as da sarki yake riƙe da su ya zubar, kada ka ji haushi wai ka kore shi. Katuna shida ne yake da su da za su kayar da kai, ka raba shi da su ke nan.

Ni ma wannan darasin a jikina na koye shi. Wani dare an ɗauke wuta, ina kwance da waya a hannu, na samu jak biyu, aka buɗe 10, 7 da 6. Raina ya ce in yi lamɓo. Kati na huɗu ya zo 8, mutumin ya zuba duk abin da ke gabansa, agogon tebur yana ta ƙirga daƙiƙa, ga netwok yana rawa. Na bi cikin firgici, ashe tara yake da ita, jerensa na 6 zuwa 10 ya cika. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ni na ba shi katin da hannuna.

Tun daga ranar, kafin in danna komai sai na tambayi kaina: in ya ƙara a kan abin da na zuba, me zan yi? A foka marar iyaka duk abin da ke gabanka zai iya tafiya a hannu ɗaya, kuma a intanet daƙiƙu kaɗan ake ba ka, ba lokacin fara tunani ba ne. Idan mutum ne da ka lura bi kawai yake yi tun ɗazu, sai yanzu ya ƙara, ka zubar ba tare da jinkiri ba. Irinsu sai sun haɗa tara uku ko takwas uku suke motsi, kai kuma goma biyu kacal suka rage da za su cece ka kai tsaye. Idan mai yawan ƙari ne a kowane hannu, ka bi shi sau ɗaya ka ga kati na huɗu. In ku uku ne ko huɗu a cikin hannun, ka ƙara taka-tsantsan sosai.

Wani abu da ba zan ɓoye maka ba: ni da cif na wasa nake bugawa yanzu, na daina sa kuɗina, don caca ce, kuma na ga yadda take cin mutum a hankali. Lissafin dai ɗaya ne ko da wane irin cif.

Game da hannun da ka kawo, tunda sarkin ya riga ya fito, girman abin da ya zuba za ka duba. In bai kai rabin tarin tsakiya ba, ka bi sau ɗaya. In ya kai cikakken tarin ko ya wuce, ka ajiye gomanka ka jira rabo na gaba.