Filin makarantar unguwarmu ya koma parsel (filin gida), wa za mu tambaya?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni mazaunin wata sabuwar unguwa ne a bakin garin Damagaram. Lokacin da aka yi lotisma, wato yankan filaye, an nuna mana wani fili aka ce na makaranta ne, yanzu mun wayi gari an kafa borni, wato alamun iyakar fili, a ciki har wani ya sauke bulo. Shin talaka yana da bakin magana a nan? Kuma wa ke yanke irin wannan hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Kuna da bakin magana sosai, amma sai da takarda a hannu, domin "an nuna mana" ba hujja ba ce a ofis. Kowane lotisma na halal yana da pilan, wato taswirar filayen, kuma ma'aikatar magajin gari ba ta isa ta yanka fili ita kaɗai ba, sai ma'aikatar tsara birane ta amince ta sa hannu. A cikin pilan ɗin nan ake ware tituna da magudanar ruwa da filin makaranta, asibiti, kasuwa, maƙabarta. In filinku yana ciki a matsayin na jama'a to ba a maida shi parsel da baki, sai an sake masa matsayi a rubuce, kuma wannan takardar ita za ku ce a nuna muku.

Batun wa ke yanke hukunci kuwa, nan ne abin ya ɗan canza. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na farko a 2004 har zuwa 2024 konseye, wato zaɓaɓɓun 'yan majalisar gari, su ne ke zama su tattauna irin wannan, dokar 2010 ta ba Zinder, wato Damagaram, matsayin babban birni mai arondisma (gundumomi) 5, a lokacin zaman majalisar kuma a buɗe yake kowa na iya shiga ya saurara, sarakunan gargajiya ma suna da kujera duk da ba su jefa ƙuri'a. Gaskiya ko a lokacin ba mu cika zuwa ba, kuma abin yana min ciwo, na sha ganin zaman da ake maganar ɗaruruwan parsel babu ko mutum ɗaya daga unguwar da abin ya shafa. A watan Afrilu 2024 aka rusa majalisun da aka zaɓa a Disamba 2020 aka naɗa jami'an riƙo, wato babu konseyen da za ka tare a ƙofar masallaci ka ce ni na zaɓe ka. Amma pilan bai mutu ba, ofis ma yana nan, kuma akwai dokar 2011 da ta ba ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma.

To ga abin da nake ba ku shawara. Kar mutum ɗaya ya tafi, ku haɗu da mai unguwa da liman da iyayen yara, musamman mata don su ne ke fama da nisan makaranta, ku rubuta wasiƙa guda zuwa ga shugaban birni kuna neman a nuna muku pilan da aka amince da shi da lambar ilo, wato rukunin filayen da filin yake ciki, ku kai kofi ofishin tsara birane na jiha da na gwamna, kuma don Allah kar ku fito sai an buga muku hatimi da kwanan wata a kan kofinku. Wannan hatimin shi ne zai yi muku magana gaban alƙali in abin ya kai can. Ku yi sauri, ƙarar matakin hukuma tana da wa'adi, kuma da zarar gini ya kai linta an zuba kwano raba shi da wurin sai an sha wuya.

Shi wanda ya sauke bulo kar ku taɓa shi, kar ku tumɓuke borni. Mai yiwuwa ma shi da kuɗinsa ya saya yana riƙe da akt de sesiyon, wato takardar mallakar fili, bai san komai ba.

Sannan in pilan ya zo hannunku kar ku tsaya kan makaranta kawai, ku duba hanyar ruwa. Garinmu kan dutse yake, ruwa ba ya nitsewa da wuri, sai ya bi gangare ya nemi tabki, kuma duk wanda ya ga daminar 2024 da ta kada tsohon masallacin Birni ya san abin ba wasa ba ne. Kwarin da aka cike aka yanka parsel yau, gidajen maƙwabta zai ci a watan Agusta. Ku tambaya ina aka bar ma ruwa hanya, ina bututun pompo zai bi, ku sa duka a cikin wasiƙar guda.