Tambayoyinku: Hajiya ta ce ita da jirgin sama har abada, ko za mu iya kai ta Fas ta ƙasa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mazaunin Birmingham ne a Ingila, mahaifiyata tana wajena shekara huɗu kenan, tana da izinin zama amma fasfo ɗinta na Najeriya ne, ni kuma na Birtaniya nake riƙe da shi. Ba ta da buri kamar ta je Fas ziyarar Shehu Tijjani, amma tun ranar da jirgi ya yi musu wata irin girgiza a hanyar zuwa nan ta ce ita da shi sai dai in gida za a mayar da ita. Wani ya ce min wai ana zuwa Maroko ta jirgin ƙasa da na ruwa. Dan Allah da gaske ne? Kwana nawa ake yi, kuma ya fi sauƙin kuɗi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya saka da alheri da wannan hidima da kake wa Hajiya. Da gaske ne, ana zuwa, ni kaina na bi hanyar. Amma maganar sauƙin kuɗi ka cire ta a ranka tun yanzu, kusan kullum jirgin sama ya fi araha nesa ba kusa ba, don nan tikiti bakwai ko takwas za ka yanka wa kowannenku ga kuɗin otal na kwana biyu a hanya ga abinci. Abin da za ka saya da kuɗinka kwanciyar hankalin Hajiya ne, kuma wallahi za ta ga duniya ta taga.

Toh kafin ka taɓa maganar tikiti fara da biza, nan ne mutanenmu suke faɗawa rami. Kai da fasfon Birtaniya ba ruwanka, Faransa da Sifen da Maroko duk za ka shiga ba biza. Hajiya kuwa izinin zamanta na Ingila ba ya buɗe mata ƙofar Faransa, sai ta nemi bizar Schengen, wato biza ɗaya da ake shiga Faransa da Sifen da ita, sannan ta nemi ta Maroko daban. Ga inda nake so ka buɗe kunne: bizar Schengen ɗin lallai ta zama mai shiga sau biyu ko fiye. In aka ba ta mai shiga sau ɗaya, ranar da kuka hau jirgin ruwa kuka bar Sifen bizar ta mutu, kun je Fas kun yi ziyara lafiya lau kun dawo bakin ruwa a ce Hajiya ba za ta hau ba, kaga kenan jirgin saman da ake gudu shi za a hau dole. Ka rubuta musu tsarin tafiyar ƙarara a takardar neman bizar, tafiya da dawowa. Ofishin jakadancin ƙasar da za ku fi daɗewa a cikinta ake kai wa, a tsarin da zan ba ka Sifen ce. Ita kuma Maroko tun 2022 tana ba da biza ta intanet ga masu izinin zama a ƙasashe irin su Birtaniya, ka duba sharuɗɗan a shafinsu da kanka. Kuma ka tabbata fasfon da Hajiya za ta riƙe shi ne aka haɗa da izinin zamanta na intanet, tunda katin izinin zama na da an daina aiki da shi, kar a zo dawowa a tsaya ana kallon-kallo a Faris.

Yanzu hanya. Daga Birmingham ku sauka Landan, tashar Euston, daga nan zuwa St Pancras tafiyar minti goma ce da ƙafa amma da akwatuna da tsohuwa ku hau tasi kawai. A St Pancras ake hawa Eurostar, jirgin ƙasa mai zuwa Faris, kuma a nan ɗin jami'an Faransa suke duba fasfo tun kafin a hau, don haka ku isa da awa ɗaya da rabi a hannu. Jirgin yana bi ta ramin nan na ƙarƙashin teku da aka buɗe a 1994, tsawonsa kilomita 50, wajen minti ashirin ake yi a ciki ba abin da ake gani sai duhu a taga. Shawarata kar ka ce wa Hajiya yanzu teku ne a samanmu sai kun fito. Awa biyu da 'yan mintuna kuna Faris, tashar Gare du Nord.

Jirgin kudu ba daga nan yake tashi ba, daga Gare de Lyon ne, wata tasha daban a cikin gari. Akwai jirgin ƙarƙashin ƙasa RER D, tsayawa biyu ne kacal, sai dai cunkoso da matattakala da masu yankan aljihu, ni dai da dattijuwa tasi zan hau in huta. TGV, jirgin ƙasa mai gudu na Faransa, daga Faris zuwa Basalona yana cin kusan awa bakwai, kuma ba su da yawa a rana, shi ya sa shi ne tikitin da za ka fara kamawa sannan ka ɗora sauran a kansa. Taragonsa hawa biyu ne, sama ta fi daɗin kallo amma ka nema wa Hajiya kujerar ƙasa saboda gwiwa. Ku kwana Basalona.

Washegari jirgi mai gudu zuwa Madrid, awa biyu da rabi zuwa uku, a Sifen ana saka kaya a na'ura kafin a hau irin waɗannan jiragen kamar a filin jirgi, kar ku zo a ƙurarren lokaci. Daga tashar Atocha ta Madrid zuwa Aljesiras a bakin teku awa biyar da wani abu ne, ƙarshen hanyar jirgin yana rage gudu yana kurɗawa cikin duwatsun Ronda, farare-fararen ƙauyuka a maƙale jikin tsauni, nan ne wajen da ya fi burge ni a duk tafiyar. In ka ga jadawalin ranar bai yi maka ba ku bi ta Malaga, daga can bas ce wajen awa biyu. Ku sake kwana a Aljesiras, tashar jirgin ƙasa da ta ruwa ba su da nisa da juna.

Ƙetarawa iri biyu ce kuma sunayen suna ruɗa mutane. Daga Aljesiras jirgi yana zuwa Tanger Med cikin kamar awa ɗaya da rabi, amma Tanger Med ɗin nan ba cikin garin Tanja take ba, tashar manyan kaya ce kilomita 40 da wani abu daga gari, sai kun sake neman mota. Ɗaya hanyar ku hau bas zuwa Tarifa, rabin awa ko fiye kaɗan, daga can jirgi mai sauri awa ɗaya ya sauke ku a cikin garin Tanja gindin tsohon birni. Ta Tarifa ta fi daɗi, matsalarta iska. Akwai wata iskar gabas da suke kira Levante, in ta taso sai a dakatar da jiragen Tarifa. Ni ta taɓa ritsawa da ni, na isa da sassafe da tikitin jirgin ƙasa na Tanja a aljihu na ƙarfe biyu, na tarar da ƙofa a rufe mutane zaune kan akwatunansu wata mata tana ɓare wa yara lemo, teku ya yi fari fat da kumfa, ga duwatsun Maroko can ina hango su tunda mashigin a inda ya fi ƙunci kilomita 14 ne kawai, amma ba hali. Sai da na koma Aljesiras na hau babban jirgi da yamma, tikitin nan na ƙarfe biyu ya bi ruwa. Tun daga ranar ba na yanka tikitin jirgin ƙasa na Maroko sai ƙafata ta taka Tanja, kuma ranar ƙetarawa ba na haɗa ta da wani abu mai ƙayyadadden lokaci.

Wannan ita ce ƙa'idar duk tafiyar ma. Tikitocin nan kamfanoni daban-daban ne, in jirgin Madrid ya makara jirgin ruwa ba ruwansa, ba wanda zai jira ka. Duk inda za a canza jirgi bar awa biyu a tsakani, a Faris ma uku ba ta yi yawa ba, gara ku zauna ku sha shayi da ku riƙa jan Hajiya da gudu a kan dandamali.

A cikin jirgin ruwan ake buga hatimin shiga Maroko, za ka ga layi a wani lungu gaban tebur ɗin ɗan sanda, kuna hawa ku bi layin kar ku tsaya ɗaukar hoton dutsen Jabal Ɗariƙ (Gibraltar), wanda ya sauka ba hatimi sai an mayar da shi ciki. Agogo ma ka kula, da bazara Maroko tana bayan Sifen da awa ɗaya, da azumi kuma suna sake mayar da nasu baya. Sannan ka guji tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba in da hali, lokacin ne 'yan Maroko mazauna Turai suke tururuwar zuwa gida da motocinsu an lafta kaya a sama, tashar ba masaka tsinke.

Daga Tanja ku hau Al Boraq, jirgin nan mai gudun kilomita 320 a awa da aka buɗe a 2018, na farko irinsa a Afirka, ku sauka Kenitra ku canza zuwa na Fas ta Meknes, gaba ɗaya awa uku da rabi zuwa huɗu. Kwana uku kenan daga gida. Zawiyar Shehu, wanda ya rasu a 1815, tana cikin tsohon birni kusa da masallacin Ƙarawiyyin, kuma mota ba ta shiga lungunan nan, alfadarai ne da masu tura kura, ga hawa ga gangara. Ka ce wa mai jar tasi ya sauke ku dandalin R'cif, ta nan ya fi kusa, kuma ka nemi masauki a wajen. Akwati ɗaya ƙarami kowannenku, don duk hanyar nan kai ne ɗan dako. Guzuri kuma ban da kilishi da dambun nama, tun 2021 an hana shiga Tarayyar Turai da nama ko madara daga Birtaniya, dabino da gyaɗa da cincin sun isa. Hajiya ta sa mu a addu'a in ta isa.

TAMBAYA: Kakana da ƙafa ya je Makka, shekara bakwai ya yi kafin ya dawo. Ina sha'awar bin sawunsa, mota zuwa Sudan sannan jirgin ruwa zuwa Jidda. Har yanzu ana yi? Daga wani mai karatu a Damagaram.

AMSA: Allah ya jiƙan kaka. Hanyarsu sananniya ce, ta Barno a shiga Chadi, Abeche, Adre, a faɗa Darfur ta Junaina da Fashir, a kai El Obeid inda jirgin ƙasa yake, daga baya ma layin dogo ya iso Nyala a 1959, sai Khartoum sai Sawakin a bakin Bahar Maliya a ƙetara Jidda. Shekarun da ka ji suna yi ba tafiya ce kawai ba, tsayawa suke su yi noma ko ƙwadago su tara na gaba, da yawa ma ba su dawo ba, su ne asalin dangin namu da ke Sudan har yau, garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ne ya kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903.

Amma malam yanzu kar ka soma. Tun 15 ga Afrilun 2023 ake yaƙi a Sudan kuma Darfur ɗin da za ka ratsa nan abin ya fi muni, mutane ta Adre suke gudowa kai kuma ka ce za ka shiga. Ban da haka bizar Hajji yanzu ta hannun hukuma take fitowa da kujera da jigila a haɗe, ku a Nijar COHO mu a Najeriya NAHCON, ba a zuwa bakin ruwa a ce ga ni. In jirgin ƙasa ne ya ba ka sha'awa akwai na Haramain tsakanin Makka da Madina ta Jidda, kilomita 450, awa biyu da rabi, tafiyar da su kaka suke kwana da kwanaki a kan raƙumi.

TAMBAYA: Ni jiri nake ji ko a kwalekwale, zan iya jirgin ruwa na kwana biyu daga Italiya zuwa Maroko? Mijina ya nace saboda motarsa. Daga wata 'yar'uwa a Brescia.

AMSA: Na Genoa zuwa Tanger Med kenan, kusan kwana biyu cur. Za ki iya 'yar'uwa, manyan jiragen nan ba sa rawa kamar kwalekwale sai in teku ya tashi. Ki sa maigida ya kama muku ɗaki mai gado a tsakiyar jirgi, kar ya yi tsumulmular kujera, kwana biyu a zaune ba wasa ba ne. Ki je kemis su ba ki maganin jiri ki sha tun kafin a tashi ba sai amai ya zo ba, in kina da juna biyu ki fara tambayar likita. In kin ji zuciyarki na tashi ki fita waje ki kafa ido can inda ruwa ya haɗu da sama, ki ajiye waya. Kuma duk abin da za ki buƙata, magani da kayan sawa da abin salla da cazar waya, ki zuba a ƙaramar jaka ki hau da ita, don in aka tashi rufe wajen motocin ake yi sai an isa.