Salak din kaza da kayan marmari: me za a saya, me za a bari a kasuwa

Wata ma'aikaciya daga Hotoro ce ta fara: "Anti dan Allah ina son in rage cin shinkafa da rana, da na ci sai barci a ofis. Na ga ana hada kaza da 'ya'yan itace a yi salak, ina son gwadawa amma ban san wace kaza zan saya ba, ta gida ko agirik?"

'Yar uwa sayi agirik, buroila, kar ma ki tsaya dogon tunani. Na san mu Kanawa kazar gida muke girmamawa kuma da gaskiyarmu, a farfesu ko miyar taushe babu mai kamo ta, amma wannan abincin da sanyi ake cinsa, kazar gida kuwa da ta huce sai ta kara tauri, ki yi ta fama da cokali a gaban mutane. Buroila a sati 6 zuwa 8 ake yanka ta shi yasa namanta yake da laushi kuma tsokar kirjinta ke da yawa, wannan kirjin shi kike nema. Sannan ki bude ido da tsofaffin kajin kwai da masu gona ke sallamarwa, sun fi arha kuma a fige suna rudin ido, amma su ma tauri gare su. Ki tambayi mai kaji kai tsaye, buroila ce ko leya. In kin je Kasuwar Tarauni ko Sabon Gari ki zabi mai rai a yanka a fige a gabanki, ki ce a ware miki kirjin daban, cinyoyi da fukafukai su tafi miyar dare, kinga kaza daya ta yi aiki biyu. In ta firiza za ki saya, duk wadda kika ga kankara mai jini-jini ta daskare a gindin ledar to ta taba narkewa aka sake daskarar da ita, ki bar musu kayansu.

Dahuwar ma akwai inda ake kuskure. Mutane sai su bar kirjin yana ta bararraka har ya koma igiya. Ki sa ruwa daidai wanda zai rufe naman, albasa, citta, tafarnuwa, magi, dan gishiri da tayim, da ya tafaso ki rage wutar sosai, kamar minti 15 ya isa in tsokar ba kato bace. Ki tsaga wurin da ya fi kauri ki duba, in babu ja kuma ruwan da ke fitowa fari ne tas ya dahu, masu na'urar auna zafin nama digiri 75 suke nema. Ki barshi ya dan sha iska a cikin romonsa kafin ki yayyaga, romon kuma kar ki zubar, na jalof ne. In akwai ragowar gasasshiyar kazar da maigida ya shigo da ita jiya da dare kuma a firij ta kwana, ita ma ta yi, wlh ta ma fi dadi saboda kamshin gashin, cire fatar kawai ki kakkabe yajin in ya yi yawa.

Wata amarya daga Rijiyar Zaki ta ce: "Anti duk wanda na gani da inibi da apul ake yi, na je kanti na ga kudin karamar robar inibi na juyo. Dole sai da su ne?"

Ba dole bane amarya, Allah ya sanya alheri. Wadanda kike gani suna zuba inibi a kasarsu shi ne mai arha, mu kuma yawanci shigo mana da shi ake yi, apul din ma yawanci daga Afirka ta Kudu yake zuwa, kudin jirgin ruwa da na dala duk a kanki suke karewa. Abin da salak din ke bukata abu uku ne, dan zaki, dan tsami, da wani abu mai garas-garas a baki. Duk abin da zai baki wadannan ya wadatar.

Ki je 'Yan Lemo da ke Na'ibawa ko ki aika, ki ga abin da ake yayi. Lokacin zafi daga wajen Maris har farkon damina mangwaro ne sarki, kuma ni a wajena babu abin da ke shiga da kaza kamarsa. Amma ki zabi dan aure, manyan nan marasa zare, wanda ya nuna amma in kin danna bai lotsa ba, kar ki dauko kananan nan na tsotso, wadannan sai dai a ci a bakin famfo. Apul kuwa in kina so guda daya tak ya ishi salak din mutum biyu har uku, korensa ya fi ja a wannan aikin don yana da tsami kuma baya saurin laushi, da kin yanka ki matse masa lemon tsami nan take, in ba haka ba kafin ki gama yanka albasa ya fara yin kasa-kasa, iska ce ke sa shi. Lemon zaki ma yana yi in za ki daure ki bare kowane sala ki cire farar fatar da 'ya'yan. Gwaiba mai tauri ki yanke bayan ki bar tsakiyar mai 'ya'ya. In kuma duk babu, dabino hudu ki yanka kanana ko zabibi dan cikin cokali biyu, sun toshe gurbin inibi, kuma basa lalacewa a kwaba.

Akwai wadanda zan hana ki. Kankana ruwa ce zalla, minti kadan za ki ga kazar na iyo. Ayaba kuma damewa take yi ta yi baki. Sai abarba da gwanda, su labarinsu daban ne kuma nan ne mata da yawa ke cewa salak dinsu ya yi wani iri basu san dalili ba. Danyar abarba tana da wani sinadari mai narkar da nama, shi ne ma yake sa harshe kaikayi in an sha da yawa, gwanda ma tana da irin nata musamman wadda bata gama nuna ba, ai shi yasa iyayenmu ke jefa danyar gwanda a tukunyar nama mai tauri. To in kika cakuda abarba da dafaffiyar kaza tun safe, kafin azahar kazar ta zama kamar fate, in da yogot a ciki har daci-daci za ki ji. Mafita, ko ki ajiye abarbar a robarta daban sai za a ci ki zuba, ko ki dan gasa ta a kasko minti biyu uku don zafi na kashe sinadarin, ta gwangwani ma an riga an dafa ta bata da wannan matsalar, sai dai ki tsiyaye ruwan sigan.

Awo kuma kar ki wahalar da kanki, in kaza kofi 2 ce kayan marmari kofi 1, kar su rinjayi naman. Kokwamba rabi ki kwakule tsakiyar, albasa 'yar kadan a yanka siriri a jika a ruwa ta rage kaifi, sai soyayyar gyada cikin hannu a karshe. Ana sa kashu, amma gyadarmu ta amaro ba abin da ta rage.

"Ina rage kiba ne Anti, maigidana kuma yana da suga. Bama zan saya ko yogot?" Wannan daga wata Hajiya a Gwale.

Hajiya ina gaisuwa. Bama kusan dukkanta mai ne da kwai, cokalin cin abinci daya yana kai kalori 90 zuwa 100, kuma tsakani da Allah wa yake tsayawa a cokali daya. Yogot bai kai ko kusa ba. Matsalar ita ce yawancin yogot din da ake sayarwa a shagunan Kano na shan fura ne, an cika shi da siga da fulebo, in kika zuba wannan a kan kaza kin bata kazar kin kuma cuci Alhaji. Sai kin karanta jikin robar kin tabbatar marar siga ne, in baki samu ba ki kwana da naki na madarar gari a gida, da safe ki juye a kyalle mai tsafta ki rataye ko ki dora a rariya cikin firij ruwan ya tsane, ya yi kauri. Ni abin da na fi so rabi da rabi, cokali 1 na bama cokali 2 na yogot ma ya yi, lemon tsami, masoro, dan gishiri, sai kori rabin karamin cokali. Kori da kaza da kayan zaki ba sabon abu bane, a Ingila tun 1953 aka yi irin wannan hadin a walimar nadin Sarauniya Elizabeth kuma har yau suna cinsa a biredi. In korin na miki warin danye ki dan soya shi a digon mai ya huce kafin ki zuba.

Bangaren Alhaji, ki cire dabino da zabibi daga kwanonsa, mangwaron ma dan kadan, ki fi ba shi koren apul da kokwamba da fiya in ana yayinta, fiya ma in kika dama ta da lemon tsami tana tsaya miki a madadin bama gaba daya. Kuma ya gwada sugansa bayan ya ci ya ga yadda jikinsa ya karba, ya bi abin da likitansa ya dora shi a kai.

Wajen sayen bamar, duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma in unguwarku wuta sai an ga dama, sayi karamar kwalba ko ta leda, babbar arha ce a ido amma da an bude ta firij take so. Hada bama a gida da danyen kwai kuma ban baki shawara ba a zafin garin nan.

Sai wani bawan Allah mai shago a Kantin Kwari, ya ce shi tuzuru ne, da kansa yake girki: "Hajiya in na hada da asuba na tafi da shi kasuwa, zai kai bayan azahar? Kuma gaskiya wannan abin zai rike ciki kuwa?"

Malam Allah ya kawo ta gari, amma tambayarka ta fi ta kowa muhimmanci. In a roba kawai za ka zuba ka ajiye a bayan dilar atamfa, a'a, bazai kai ba. Ka'idar da masana lafiyar abinci ke bayarwa ita ce dafaffen nama kar ya wuce awa 2 a waje ba sanyi, in zafin gari ya haura digiri 32 kuma awa 1 ce kacal, kai kuma ka san Kano a Afrilu tana taba 40. Mutane bama suke zargi in ciki ya baci, alhali ta kanti tana da tsamin khal, wato binega, da ke dan kare ta, kazar ce kwayoyin cuta ke so, kuma abin haushin ba lallai ka ji wari ko canjin dandano ba, sai dai ka ji a jikinka da la'asar.

Don haka kafin ka sayi komai sayi karamar kula, irin ta 'yan makaranta ma ta isa. Ka sa fiya wata biyu ko uku a firiza su daskare, ko ka saya wajen masu kankara a hanya, ka jera su kasa da saman robar abincin, in azahar ta yi ga abinci da sanyinsa ga ruwan sha. Kazar ka dafa ta da dare ta kwana a firij ta yi sanyi sosai, kar ka zuba da duminta a kula. Kar kuma ka cakuda tun daga gida, kaza da miyar bamar a roba daya, kayan marmari a wata, latas da gyada a leda, in za ka ci ka hade, minti daya ne, in ba haka ba gishirin zai jawo ruwan komai gyadar ta yi lakwas. A firij mai tsayayyar wuta dafaffiyar kaza na kwana 3 zuwa 4, to amma firij in an dauke wuta awa 4 kawai yake rike sanyi shi ma in ba a ta budewa, kai ka san halin layinku, in ba sola gareka ba dafa ta kwana daya ko biyu kawai.

Batun rike ciki, shi kadai da latas gaskiya mai daga dila bazai kai la'asar ba. Ka samu gurasa mai laushi ka tsaga ka dura a ciki, ko biredi, ko ka dafa dankalin turawa biyu ka yanka a ciki, makaroni ma na yi. Ni gurasar na fi so, bata jikewa da wuri.

Ta karshe gajeriya ce, wata maman yara daga Sharada ke tambaya ko ruwan gishiri ya isa wanke latas, kuma ko yara za su iya ci.

Latas da kabeji in kin sayo a 'Yan Kaba ko wajen mai baro, baki san da wane ruwa aka yi ban ruwansu ba, wasu lambunan cikin gari da ruwan kwatar Jakara suke. Ki ware ganyen daya bayan daya, ki wanke kasar da ruwa mai kyau sau biyu uku, ki jika a ruwan da kika sa khal kamar minti 10, ki dauraye, sannan ki baza a rariya ya tsane sosai. Gishiri ko khal suna ragewa ne ba wai sun kashe komai ba, saboda haka in ana fama da amai da gudawa a unguwa ki hakura da latas din, ki tsaya kan abin da ake ferewa irin kokwamba da mangwaro. Wukar da katakon da suka taba danyar kaza kuma sai an wanke su da sabulu kafin su taba kayan marmari. Yara za su ci, suna ma so saboda zakin, amma 'yan kasa da shekara 5 in akwai inibi ki raba shi hudu a tsaye, gyadar kuma ki daka ta, gudansu na makale wa yaro a makogwaro.