Asibitin ne ƙarami ko yaran?

Wani daga Maraɗi: Malam, "ɗan hakin da ka raina", tsone ake cewa ko tsole?

Duka biyun ana ji, shi ke tsone maka ido, shi ke tsole maka ido. Ma'anar dai ɗaya ce.

Wata ɗaliba daga Zariya: Malam, an ba mu fassarar "small children's hospital", asibitin ne ƙarami ko yaran?

To 'yata, Baturen da ya rubuta ma sai ya ƙaro bayani. Sifarsu ba ta nuna jinsi ba ta nuna jam'i, "small" ɗin nan haka take ko da namiji ko mace ko taron jama'a, sai su jero kalmomi gaban suna mai karatu ya yi ta laluben wacce ta kama wacce. Hausa kuwa ba za ta bar ki ki ɓuya ba, ko dai ƙaramin asibitin yara, ko asibitin ƙananan yara, dole ki koma cikin labarin ki gano wanne ake nufi kafin ki sa biro. Haka "English teacher", ma'ana biyu gare ta, a baki nauyin murya ke raba su, a takarda babu wannan. Mu malamin Turanci daban, malami ɗan Ingila daban.

Amma fa kada mu cika baki, mu ma muna da namu. In na ce rigar yarinya fara, wace ce farar? Riga mace, yarinya mace. Maganinta ki dawo da sifar gaba, farar rigar yarinya ko rigar farar yarinya, magana ta ƙare.

Abin da ke damuna wallahi shi ne masu fassarar gaggawa, da sun ga "old" sai su ce tsohon. Tsohon malami ai wanda ya bar koyarwa ne, kamar tsohon gwamna, ko da shekararsa 40. Mutum yana aji da alli a hannu ka ce masa tsohon malami, ka sallame shi daga aiki ke nan da bakinka! In shekaru kake nufi ka ce malami tsoho, ko don ladabi dattijon malami. Ƙaramin minista ma muƙami ne, ana samun mai furfura a kai.

Wani daga Kumasi: Ana cewa baƙi fat?

A'a ɗana. Fari fat, baƙi ƙirin, ja wur, kore shar.