Tambaya da Amsa: 'Yar Filifin da waƙoƙin Sifaniyanci, ya aka yi haka?

Tambaya: Salam Malam, barka da ƙoƙari. Dan Allah na ci karo da sunan wata marubuciya wai Adelina Gurrea, an ce 'yar Filifin ce amma duk rubutunta da Sifaniyanci ta yi, ni kuma a sanina Turanci da Tagalog ake yi a can. Ya abin yake ne? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikissalam 'yar uwa. Ai kin yi gaskiya, yau haka abin yake, amma da ba haka ba. Sifaniya ta mulki tsibiran nan tun 1565 har 1898 da Amurka ta karɓe su bayan yaƙi, ta biya dala miliyan 20. To ita Adelina an haife ta a 1896 a La Carlota, tsibirin Negros inda ake noman rake, kin ga tana 'yar shekara 2 ƙasa ta canja hannu. Gidansu masu tsatson Sifaniya ne, yaren da ta tashi da shi ke nan, a makaranta kuma a Manila, babban birnin ƙasar, da Turanci aka koyar da ita don Amurkawa sun riga sun shigo da tsarinsu.

Abin da ya burge ni shi ne ta iya Turancin sarai, kuma kowa ya ga alamar inda iska ta dosa, amma ta ce ita dai Sifaniyanci. Ta yi aiki da jaridar La Vanguardia ta Manila, a 1921 ta koma Sifaniya da zama tana aiko wa jaridun gida rahoto da rubuce-rubuce daga can.

In littafi ɗaya za ki nema, nemi Cuentos de Juana na 1943. Juana mai aikin gida ce da ke ba yara labari, irin na aljanu da mayu na mutanen Bisaya, wato mutanen yankin da aka haife ta, su tamao da aswang, wato dai tatsuniyar talakan gonar rake ce aka zuba cikin yaren masu gonar, kuma tana zaune a Madrid ta rubuta, shi ya sa kewar gida ta cika shi taf. Kundin waƙoƙinta A lo largo del camino na 1954 kuma shi ya ciyo mata kyautar Zóbel, babbar kyautar masu rubutun Sifaniyanci a Filifin a wancan lokacin.

Matsalar ita ce masu karanta ta a gida sai raguwa suke, yara sun koma Turanci, yaƙin duniya na biyu ya ragargaza Manila a 1945, jaridun Sifaniyanci suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa ko a can ba kowa ya san ta ba balle ke. Ta rasu a Madrid a 1971. An dai sake buga Cuentos de Juana a 2009, sai ki duba ko za ki dace.