Kofin Nets na 1976 ba na NBA ba ne

Ka tambaya ko kofin da New York Nets suka ɗauka a 1976 yana cikin lissafin kofunan NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka. A'a, ba ya ciki. Na ABA ne, wata gasar ƙwallon kwando da ta yi gogayya da NBA, a kakarta ta ƙarshe ta 1975-76, inda Nets suka doke Denver Nuggets da wasa 4 da 2, Julius Erving kuma ya zama gwarzon kakar. A wannan shekarar Boston Celtics ne zakarun NBA. Bayan kakar ne NBA ta karɓi ƙungiyoyi huɗu: Nets, Nuggets, Indiana Pacers da San Antonio Spurs, amma ba ta ɗauki tarihinsu na ABA ta haɗa da nata ba.

Sai dai kada ka raina kofin. Na sha kallon tsofaffin bidiyon wasannin, wallahi ƙwallon kwando ce ta gaske, da gudu da tsalle, ga layin maki uku da NBA ba ta ɗauka ba sai 1979. Abin da ke ba ni takaici shi ne kuɗin shiga NBA ya matsa wa Nets har suka sayar da Erving ga ƙungiyar Philadelphia 76ers kafin a fara kakar gaba.